Mallakar gida a Kanada ba tare da kuɗin ruwa ba: ina gizo ke saƙar?

A kasafin kuɗin da gwamnatin tarayyar Kanada ta gabatar ranar 16 ga Afrilun 2024, kundi mai shafuka sama da 400, akwai wasu 'yan layuka da suka ce gwamnati na duba yadda za ta sauƙaƙa wa jama'a samun lamunin sayen gida wanda ba irin na banki da aka saba ba, ciki har da na halal. Ba a ware ko sisin kwabo ba, ba a kawo wata doka ba, an dai ce ana dubawa. Amma 'yan layukan nan sun tayar da ƙurar da biliyoyin da ke cikin kundin ba su tayar ba. Jam'iyyar Bloc Québécois ta lardin Quebec ta ce ana cusa addini cikin harkar gwamnati. A shafukan sada zumunta kuma aka yi ta yaɗa cewa Firaministan lokacin, Justin Trudeau, zai ba Musulmi gidaje ba tare da sun biya abin da kowa ke biya ba. Duk wanda ya shaida cece-ku-cen da aka yi a Najeriya a 2011, lokacin da Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya fito da ƙa'idojin bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, kafin Jaiz ya buɗe ƙofa a 2012, ba zai ji wani sabon abu a wannan hayaniya ba.

Abin da ke faruwa a zahiri akasin abin da aka yaɗa ne. Musulmin da ya zaɓi sayen gida ta hanyar halal a Kanada ya fi maƙwabcinsa biya, kuma tun daga ranar farko. Wannan zalunci ne da doka za ta iya gyarawa, kuma ya kamata ta gyara. Sai dai ko an gyara shi gobe, mafi yawan iyalan da suka shigo ƙasar cikin shekaru goman nan ba za su ji a jikinsu ba, domin ba su kai ƙofar sayen gida ba tukuna. Damuwarsu ita ce gidan haya da zai ɗauke su da 'ya'yansu. A ganina an bar wannan rabin maganar a baya, alhali shi ne ya fi nauyi.

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmin Kanada sun kai kusan miliyan 1.8, wato kashi 4.9 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, daga kashi 2 a 2001. Ba baƙi ba ne duka. Masallacin Al-Rashid na Edmonton tun 1938 yake tsaye. Amma yawancinsu ba a can aka haife su ba, kuma sun taru ne a manyan birane inda gida ya fi tsada. A Toronto da Vancouver matsakaicin farashin gida ya haura dalar Kanada miliyan ɗaya a 2024. Yawan jama'ar ƙasar ya ƙaru da sama da miliyan ɗaya a 2022, ya sake yin haka a 2023, kusan duka ta hanyar shigowar baƙi, ciki har da dubban 'yan Najeriya, yayin da gini bai bi sawu ba. Hukumar gidaje ta tarayya, CMHC, ta ƙiyasta cewa sai an ƙara gidaje miliyan 3.5 a kan waɗanda ake ginawa kafin 2030 in ana son farashi ya dawo hayyacinsa. A 2023 gidajen haya da ke zaune babu kowa a ciki sun sauka zuwa kashi 1.5 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun da aka fara lissafin a 1988. Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da hakan ke nufi: mai gida ne ke zaɓen ɗan haya.

Wani zai ce, to a yi ta zaman haya mana, ai ba dole ba ne sai an saya. A Kanada wannan shawara tana da tsada. Gida shi ne babbar ajiyar mai matsakaicin ƙarfi, shi ne abin da yake dogaro da shi bayan ritaya, shi ne gadon 'ya'ya. In ka sayar da gidan da kake zaune a ciki, gwamnati ba ta karɓar haraji a kan ribar da ka samu. Iyalin da suka saya shekara ashirin da suka wuce suna zaune a kan dukiya, iyalin da suka yi hayar gidan da ke kallonsu sun biya kusan abu ɗaya kowane wata amma ba su da ko bulo guda. Kuma hanyar da muka sani ta sayen fili a yi ta ɗora bulo shekara da shekaru, a tare a ɗaki biyu kafin a ƙarasa sauran, ba ta yiwuwa a can. Izinin gini yana da wa'adi, ba a barin mutum ya shiga gida sai jami'ai sun duba sun amince, ga kuma hunturu da ba ya yafe wa kango. Hanyar da ta rage ita ce bashi mai tsawon shekara 25, wanda ake sabunta adadin ruwansa yawanci duk bayan shekara biyar.

A nan Musulmi suka rabu. Wasu sun bi fatawar da Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta bayar a 1999, wadda ta yi rangwame ga mazauna ƙasashen Yamma su karɓi bashin banki don sayen gidan da za su zauna, in ba su da wani gida kuma babu hanyar halal, bisa cewa buƙata in ta yi tsanani tana ɗaukar hukuncin larura. Malamai da dama sun ƙi wannan fatawa, suna cewa mai iya biyan haya ba ya cikin larura. Wasu kuma sun haƙura da mallaka baki ɗaya, suna zaman haya har furfura. Ba na ganin daidai ne a yi musu kallon masu taurin kai. Mutum ya ga abokan aikinsa na tara dukiya ya kau da kai saboda tsoron Allah, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kaso na uku su ne waɗanda suka nufi kamfanonin da ke cewa suna da mafita, irin su Manzil da Eqraz a lardin Ontario, da Canadian Halal Financial Corporation a Edmonton.

Hanyoyin da ake bi uku ne, kuma duk an gina su a kan ayar Baƙara da ta halatta ciniki ta haramta cin ruwa. A murabaha, kamfani ne zai sayi gidan, sannan ya sayar maka a kan farashin da ya ɗara na saye, wanda kuka yanke tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. A ijara, gidan na kamfani ne, kana biyan haya, mallaka ta dawo hannunka a ƙarshe. Ta ukun, wadda malamai suka fi natsuwa da ita, ita ce musharaka mai raguwa. Kun yi tarayya a gidan, a ce kai kana da kashi 20, kamfani na da 80. Kowane wata kana biyan abu biyu: hayar kason kamfani da kake zaune a ciki, da kuɗin sayen wani yanki na kason nasa. Kasonka na ƙaruwa, hayar na raguwa, har ranar da gidan zai zama naka kaɗai.

Masu suka suna cewa an dai canza wa tuwo suna ne, tunda abin da kake biya a wata ya yi daidai da na banki ko ya fi, kuma ana lissafa shi ne da ma'aunin ruwan kasuwa. Wannan suka ba ta gamsar da ni in an tsaya a kan farashi kawai. Naman da aka yanka da sunan Allah da wanda ba a yanka ba suna iya zuwa kuɗi ɗaya. Tambayar da ta fi cancanta ita ce wa ke ɗaukar asara. In farashin gidaje ya faɗi aka sayar da gidan ƙasa da yadda aka saya, kamfanin zai ɗauki kasonsa na faɗuwar ko a kanka kaɗai za ta sauka? Wa ke biyan inshora, wa ke biyan babban gyara in rufi ya lalace? In ka makara da biya, tarar da za a ci ka aljihun kamfani za ta shiga ko sadaka za a yi da ita? Abokin tarayyar da ke cin riba amma ba ya taɓa asara, mai ba da bashi ne, ko da me aka rubuta a saman takarda. Abin takaici shi ne, sau da yawa dokar ƙasar ce ke tura kamfanonin zuwa ga wannan siffa da ake zarginsu da ita.

Ga yadda abin yake. A Ontario duk lokacin da gida ya sauya hannu ana biyan harajin canjin mallaka, kuma birnin Toronto yana da nasa a kan na lardi tun 2008. Murabaha ta gaskiya ciniki biyu ce, kamfani ya saya sannan ya sayar, don haka haraji biyu ke nan. In kuma sunan kamfani ya zauna a takardar gida na tsawon shekaru, maganar yafe harajin ribar gidan zama ta rikice, tunda kamfani ba ya zama a gida. Don kauce wa waɗannan, sai a sa sunan mai saye a takarda tun ranar farko, kamfani kuma ya yi rajistar jingina a kan gidan kamar yadda banki ke yi. An tsira daga haraji, amma kwangilar ta ƙara kama da bashi. Gaba kura baya sayaki. Birtaniya ta warware wannan tun 2003, lokacin da ta cire biyan harajin sau biyu a kan irin wannan ciniki, shekara guda kafin a kafa bankin Musulunci na farko a ƙasar, wanda yanzu ake kira Al Rayan. Gyara ne na 'yan sakin layi a dokar haraji, bai ba kowa kyauta ba, ya dai daina cin tarar mutum saboda siffar kwangilarsa.

Amma haraji ba shi ne babban dutsen ba. Babban dutsen shi ne inda kuɗin ke fitowa. Manyan bankunan Kanada shida suna ba da bashin gida ne da ajiyar jama'a, wadda kusan a ɓagas suke samunta. In mai saye bai kai kashi 20 na kafin alƙalami ba, doka ta wajabta a yi wa bashin inshora, a wurin CMHC ko ɗaya daga kamfanoni biyu masu zaman kansu, kuma gwamnati na tsaye a bayan inshorar. Bashin da aka yi wa inshora ana haɗa shi a sayar wa masu zuba jari, kuɗi ya dawo banki, ya sake ba wani. Wannan zagayen ne ya sa bashin gida ya fi kowane bashi arha. Kamfanin halal ba ya cikin zagayen. Ba ya karɓar ajiya, ba shi da inshorar gwamnati, dole ya nemo jari daga masu kuɗi da ke son riba mai tsoka tunda babu wanda ya tsaya musu. In kuɗin da ya tara ya ƙare, sai masu nema su shiga layi.

A ɗauki gida na dala 600,000 a matsayin misali. Mai zuwa banki ana neman ya ajiye kashi 5 na dala 500,000 na farko da kashi 10 na ragowar, wato dala 35,000. Kamfanonin halal yawanci ba sa sauraronka da ƙasa da kashi 20, wato dala 120,000. Tazarar dala 85,000 ce, kuma wanda zai tara ta yana biyan haya a lokaci guda, farashin gidan ma ba tsaye yake yana jiransa ba. Bayan an shiga, in abin da kamfanin ke caji ya ɗara na banki da kashi 2 kacal a shekara, a kan ragowar dala 480,000, ƙarin ya kai dala 9,600 a shekarar farko, dala 800 kowane wata. Direban tasi ko ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi ba za su iya wannan ba. Likita da injiniya za su iya. Shi ya sa lamunin halal, yadda yake a yau, ya zama kayan masu hali.

Amurka ta nuna cewa ba dole abin ya kasance haka ba. Hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar ta amince da ijara a 1997, da murabaha a 1999. Daga farkon shekarun 2000 kuma Freddie Mac, cibiyar da gwamnati ta kafa don sayen basukan gidaje, ta fara zuba kuɗi a kwangilolin kamfanoni irin su LARIBA da Guidance Residential. Da aka buɗe wannan famfo, farashi ya matso kusa da na banki, kafin alƙalami ya sauko. Akwai malaman da ba su gamsu da yadda aka tsara alaƙar da Freddie Mac ba, kuma hujjarsu abar saurare ce. Duk da haka darasin a fili yake: fatawa ba ta saukar da farashi, jari ne ke saukar da shi. A Kanada kuwa, tun 2010 aka fitar da wani nazari da CMHC ta sa lauyoyi suka yi, wanda ya nuna babu abin da ya hana irin wannan ciniki a dokar ƙasar. Shekaru suka shuɗe, babu ɗaya daga manyan bankunan da ya motsa. Wata ƙungiyar ajiya da lamuni ta gama-kai a Winnipeg, Assiniboine, ita ce ta fara bayarwa a 2010, amma a iya lardinta.

Al'umma ba ta zauna jiran banki ba. Tun farkon shekarun 1980 wasu Musulmi a yankin Toronto suka kafa ƙungiyar gama-kai ta gidaje, wadda daga baya ta haifi wata ƙungiyar mai suna Ansar. Tsarin ya yi kama da adashi: membobi na sayen hannun jari, kuɗin da aka tara a saya wa wanda layi ya zo kansa gida, yana biyan hayar kason ƙungiya, a raba ribar ga masu jari. Ta fuskar shari'a da wuya a samu wanda ya fi wannan tsabta, kuma ɗaruruwan iyalai sun mallaki gida ta nan. Rauninsa shi ne ba ya girma fiye da aljihun membobinsa. Lokacin da gida ke dala 100,000 tukunyar na iya ciyar da mutane da yawa. Da ya koma miliyan, layin ya yi tsawon da wasu ke gajiya su fita. Wani kamfani mai suna UM Financial ya gwada hanyar sauri, ya karɓo miliyoyi daga wata babbar cibiyar ƙungiyoyin lamuni ya raba wa masu sayen gida. A 2011 ya durƙushe, kotu ta naɗa mai kula da kadarorinsa, iyalai da yawa suka shafe watanni ba su san matsayin gidajensu ba. An yi shari'a, kotu ta wanke shugabanninsa daga tuhumar laifi, amma tabon ya zauna. Har yau in aka ambaci lamunin halal a wasu masallatan Toronto, akwai dattijon da zai tuna wa mutane wannan labari, kuma yana da gaskiyar tunawa, domin waɗannan kamfanoni ba sa ƙarƙashin irin sa idon da ake yi wa bankuna.

Lardin Alberta ne ya fara yin abin a aikace. A ƙarshen 2024 gwamnatin Danielle Smith, ta masu ra'ayin riƙau, ta gyara doka don ba ƙungiyoyin lamuni na lardin da bankin ATB, mallakar gwamnatin lardi, damar ba da irin wannan lamuni, ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ƙungiyar lamuni ta Servus ta buɗe reshe na musamman don haka a 2025. Alberta ta samu sauƙi ne saboda ba ta karɓar harajin canjin mallaka, sai ɗan kuɗin rajista, kuma gidajen Edmonton da Calgary ba su kai na Toronto tsada ba. Muhimmancin matakin shi ne cibiya mai ajiyar jama'a da girma ta shigo. Ma'aunin nasararsa ɗaya ne, wato ko tazarar farashi tsakaninsa da bashin banki za ta ragu.

To, a ce duk an gyara wannan. Iyalin da suka sauka a filin jirgin Pearson na Toronto bara, da akwatuna da yara biyar, me ya shafe su? Tambayar farko da mai gidan haya zai yi musu ita ce tarihin biyan bashi, makin da kamfanonin Equifax da TransUnion ke bai wa kowa gwargwadon yadda yake karɓar bashi yana biya. Sabon zuwa ba shi da maki. Hanyar gina makin ita ce katin bashi, wanda shi ma wasu ke ƙyamarsa saboda sharaɗin ruwa da ke cikinsa, ko da mutum zai biya a kan kari. Dokar Ontario ta ce mai gida ba zai nemi ajiyar da ta wuce hayar watan ƙarshe ba, amma baƙo da ba shi da maki, ba shi da takardar aiki, ba shi da mai tsaya masa, shi da kansa yake tayin biyan wata shida ko shekara gaba don a kula shi. Ɗan Najeriya ba zai ga baƙon abu a biyan hayar shekara ba, sai dai wannan kuɗin shi ne ɗan jarin da ya zo da shi don fara rayuwa.

Sai girman gida, kuma a nan ne na fi ganin an yi sakaci. Matsakaicin iyali a Kanada mutum 2.4 ne, kuma kasuwa don su take gini. Dogayen benayen da suka cika Toronto cikin shekaru ashirin yawancinsu ɗaki ɗaya ne ko biyu, an zana su ne don masu saye su zuba haya. Fulat mai ɗaki uku kaɗan ne, mai huɗu kuwa sai an tona. Ga kuma wani ma'auni da CMHC ta tsara tun shekarun 1980 na adadin mutanen da ya dace su kwana a ɗaki: kada su wuce biyu, miji da mata ɗaki guda, duk babban da ya kai 18 kuma ba shi da aure ɗakinsa daban, namiji da mace ba sa haɗa ɗaki in sun kai shekara biyar. A auna iyali mai mata da miji, da kaka, da yara maza masu shekara 16 da 9 da 3, da mata masu 13 da 7. Iyaye ɗaki, kaka ɗaki, maza biyu ɗaki, mata biyu ɗaki, autan ma ɗaki. Ɗaki biyar ke nan. Ruhin ma'aunin bai saɓa wa tarbiyyarmu ba, hadisi ma ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai goma. CMHC kanta ta bayyana cewa ma'aunin na ƙididdiga ne, ba doka ba ce ta hana ba da haya. Amma masu gidaje da wasu hukumomin gidajen tallafi suna riƙe shi kamar doka, sai a hana iyali ɗaki uku da sunan ya yi musu kaɗan, su koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu taga kamar tafin hannu, inda babu mai tambaya.

An ga wannan ƙarara lokacin da Kanada ta karɓi 'yan gudun hijirar Siriya 25,000 tsakanin Nuwamban 2015 da Fabrairun 2016. Iyalai masu yara shida da bakwai sun shafe makonni a otal, har hukumomin tsugunar da baƙi a Vancouver da Ottawa suka roƙi a ɗan dakata da turo musu mutane, don babu gidajen da za su ɗauke su. Tallafin da gwamnati ke ba ɗan gudun hijira na shekara ɗaya ne, kuma an ɗaure shi da adadin tallafin marasa galihu na lardi, wanda ba ya biyan hayar babban gida. Kuɗin da ake ba iyaye don kula da yara shi ke tafiya aljihun mai gida. A bazarar 2023 masu neman mafaka, yawancinsu daga Afirka, sun kwana a bakin titi a tsakiyar Toronto, sai coci-cocin baƙar fata ne suka buɗe musu ƙofa.

In an ce gida ya dace da al'ada, wasu na zaton ana nufin ado, kubba ko zanen Larabawa a bango. Abin ya fi haka sauƙi. Gidan zamani a Kanada kana buɗe ƙofa kana cikin falo, falon kuma a haɗe yake da kicin babu bango. Baƙo namiji ya shigo, uwar gida na tsaye a kan tukunya a gabansa, ko dai ta yi girki da hijabi ko ta kashe wuta ta shige ɗaki. Aikin da zaure ke yi babu mai yin sa. Banɗaki an shimfiɗa shi a kan katako, babu magudana a ƙasa, ruwan buta ko na alwala in ya zuba sai ya ɗiga a silin na ƙasa, rigima ta tashi da maƙwabci. Fankar kicin an yi ta don mai ɗumama abinci, ba don mai suyar albasa da yaji kullum ba, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu. Kaka mai ciwon gwiwa tana buƙatar ɗaki a ƙasa. Ƙofa mai zamewa tsakanin falo da kicin, famfon tsarki a gefen masai, magudana, ɗan wurin ajiye takalma a bakin ƙofa, duk ba su da wani tsada in an sa su tun a zane. Kuma Indiyawa Sikh da Hindu, da 'yan Filifin, da 'yan asalin ƙasar masu zama da kakanni, duk abin da suke nema ke nan. Dokokin birane ma sun fara sassautawa: Toronto ta halatta gida mai sassa huɗu a fili ɗaya a 2023, Edmonton ta kai har takwas daga farkon 2024. Wa da ƙane da iyayensu na iya zama a fili guda, kowa da ƙofarsa.

Wa zai gina irin waɗannan gidaje ga marasa ƙarfi? Ɗan kasuwa ba zai yi ba, fulat biyu ƙanana sun fi babba ɗaya kawo masa kuɗi. Gwamnatin tarayya ta janye daga gina sababbin gidajen tallafi tun 1993, kuma yau irin waɗannan gidaje ba su kai kashi 4 cikin ɗari na gidajen ƙasar ba. A Toronto mutum na iya jiran fiye da shekara goma a layi. Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Kiristoci suka kafa, ta daɗe tana sayar wa masu ƙaramin ƙarfi gida babu ruwa babu kafin alƙalami, su biya da aikin sa kai na sa'o'i 500 da abin da ya dace da albashinsu, kuma Musulmi da yawa sun mallaki gida ta wannan ƙofa. Da tsada ta matsa, reshenta na Edmonton ya sauya tsari ya ce a karɓo wani ɓangare na kuɗin daga cibiyar lamuni, da ruwa. Wasu iyalai, da dama daga cikinsu Musulmi, suka kai ƙara kotu a 2020. Ko ƙofar da ta fi kowace dacewa, tsadar jari ce ta fara rufe ta.

Ina ganin lokaci ya yi da masallatai da attajiran al'umma za su ɗauki gida a matsayin abin waƙafi, kamar yadda suka ɗauki makaranta da maƙabarta. Manyan masallatai da yawa a gefen birane suna da filin ajiye motoci da ke cika ranar Juma'a kawai. Coci-coci sun riga sun fara gina gidajen haya a filayensu. Fili shi ne kaso mafi tsada a gini, kuma in waƙafi ne ba a sayar da shi, don haka hayar da za a ɗora ba za ta riƙa bin haukan kasuwa ba. Gidajen gama-kai, inda mazauna ke mallakar ginin tare suna biyan abin da zai riƙe shi kawai, tsari ne da Kanada ta sani tun shekarun 1970, kuma a 2024 gwamnati ta sake buɗe masa asusu na dala biliyan 1.5.

Sai dai a nan ma tsugune ba ta ƙare ba. Cikin wannan asusu, dala miliyan 500 ne gudunmawa, biliyan ɗaya bashi ne, kuma bashin CMHC, komai sauƙinsa, yana da ruwa. Kwamitin masallacin da ya yarda ya ba da fili zai iske kansa gaban tambayar da ta hana membobinsa sayen gida. Saboda haka in ƙungiyoyin Musulmi za su koma Ottawa, babban birnin ƙasar, da buƙata, bai kamata ta tsaya a kan harajin mai sayen gida ɗaya ba. Su nemi a bar CMHC ta yi wa kwangilar musharaka inshora kamar yadda take yi wa bashin banki, su kuma nemi a ba ta damar shiga ginin gidajen haya a matsayin mai hannun jari da za a riƙa sayen kasonta a hankali daga kuɗin haya. Gwamnati za ta samu kuɗinta da ribarta kamar yadda za ta samu a bashi, sai dai za ta ɗauki wani yanki na haɗarin, kuma wannan yankin ne jami'an baitulmali za su fi jan ƙafa a kansa.